Hattara da Nonon Tumfafiya



Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, gidaje da yawa a Khartoum da Omdurman suka zama kufai. Tumfafiya kuwa, wadda ake kira ushar da Larabci, kufai ne mazauninta. Masu komawa share gidajensu, ku kiyayi farin ruwan da ke tsattsafowa idan an karya reshenta.

Ɗigo ɗaya ya isa ya kumbura gaban ƙwayar ido. Sau da yawa zafinsa ba ya daɗewa, mutum ya zaci ya tsira, bayan 'yan sa'o'i gani ya dushe tamkar hazo.

Idan ya fantsama a ido, kada a murza. A buɗe idon, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta har minti 20. Kada a sa nonon uwa, ko kwalli, ko maganin ɗigawa na kasuwa. A je wurin likitan ido a ranar. Akasari gani yakan dawo cikin kwanaki.

Mai sara ya sa tabarau, ya wanke hannu da sabulu. A hana yara fasa 'ya'yanta.

Allah Ya kare mana idanunmu, amin.