Sirki Daban, Algus Daban: Jawabi a Taron 'Yan Kasuwarmu na Sabo

 

Abin da ya sa muka roƙi a ba mu 'yan mintoci, wata magana ce da ta taso a watan jiya. Wata Bayarabiya da ta daɗe tana ciniki da mu ta dawo wa wani ɗan'uwanmu da kwalbar zuma, ta ce sukari aka dafa aka zuba a ciki. Da muka zaunar da shi, budar bakinsa sai ya ce wai ai sirkawa kawai ya yi. To jama'a, mu tsaya a kan wannan kalma tukuna.

Sirka, wasu su ce surka, ita ce rage wa abu ƙarfi da wani abu. Ruwan wanka ya yi zafi, uwargida ta sirka shi da na sanyi. Kunu ya yi kauri, a ƙara ruwa a tsinka shi, in hannu ya zarce ya koma tsararo, yara su yi ta ƙorafi. Wanda ya sha rana a dama masa farau-farau, ya sha ya gode. Duk wannan ba laifi, don kuwa mai sha ya san abin da ke cikin ƙwaryarsa. Af, kada wani ya haɗa ta da shirka, waccan Larabci ce, hanyarsu ma ba ɗaya ba.

Abin da ɗan'uwanmu ya yi sunansa algus, ko algushu. Asalinta Larabci ce, al-gishshu, wato ha'inci. Aikin hannu iri ɗaya ne da sirki, amma nan an ɓoye wa mai saye, an karɓi kuɗin tsantsa. A Islamiyya an karantar da mu hadisin da Muslim ya ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya nuna mai irin wannan ba ya cikinmu. Mun kuma san yarinyar Madina da ta ƙi zuba wa nono ruwa zamanin Sayyidina Umar, har ya aurar da ita ga ɗansa Asim. Umar ɗan Abdul'aziz jikanta ne.

A Kano in mutum ya yi algus, sunansa ya ɓata shi kaɗai. Nan Ibadan ba za a ce wane ba, cewa za a yi zumar Hausawa ce ayederu, wato jabu. Sai mai shayi da mai man gyaɗa da mai nono duk su kwana a ciki.

Don haka shugabanni sun yanke: a mayar wa matar kuɗinta ranar Juma'a bayan an sauko, kuma dattawa biyu su raka shi ya ba ta haƙuri.