Daga Tire Zuwa Gidan Abinci a Kafanchan



Tun da layin dogo ya ratsa Kafanchan a shekarar 1927, ya haɗa Fatakwal da Kaduna da Jos, garin ya zama wurin ciyar da matafiya. Jirgin ya yi sanyi yanzu, amma sana'ar tana nan a tashoshin mota, da bakin Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, har Zonkwa da Samaru Kataf.

Yawancin masu gidajen abincin nan mata ne, kuma da yawa ba da jari suka fara ba. Tire ne a kai, da mudun shinkafa na bashi, a biya da yamma. Daga nan sai adashi, wanda a ganina shi ne bankin gaskiya na talaka: kwasa ɗaya ta sayi babbar tukunya da benci, ta gaba ta biya hayar rumfa. Wadda ta iya faten acca da tuwon masara, ta kuma hana 'yan uwa cin bashi, ita ce ke kaiwa ga shago mai firiji da 'yan aiki. Wannan hana bashin fa ya fi girkin wuya.

Sai dai tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin dakon kaya da na gas sun tashi. A shekarar ce kuma cuta ta cinye cittar Kachia da Jaba, aljihun manoma masu sayen abincin ya bushe. Masu rumfa da dama sun koma itace, sun rage yankan nama, don kada farashin faranti ya kori ɗalibai da direbobi.