Me Ya Sa Yaranmu Suka Manne Wa Shirin Big Brother?

 

An nemi in yi magana kan shirin talabijin ɗin nan da ake tara matasa a gida ɗaya, kyamara na ɗaukarsu dare da rana. An fara shi a ƙasar Holan a 1999, aka yi na Nijeriya na farko a 2006, sannan ya dawo a 2017 da sunan Big Brother Naija.

To, jama'a, me yaranmu ke nema a cikinsa?

Na farko, suna ganin wanda jiya ba a san shi ba, yau sunansa ya cika ƙasa. Efe, wanda ya ci a 2017, ya tafi da naira miliyan 25 da mota. Yaron da yayansa ya gama makaranta yana zaman kashe wando, yaya wannan ba zai ja hankalinsa ba?

Na biyu, ƙuri'a. Masu kallo ne ke zaɓen wanda zai zauna da wanda za a kora. Yaron da ba a taɓa tambayar ra'ayinsa a gida ba, a can da waya kawai sai a ji muryarsa.

Na uku, mu a garin mutane muke zaune. Yaranmu na aji ɗaya da 'ya'yan Yarbawa da na Ibo. Ranar Lahadi ake korar mutum, Litinin da safe hirar ke nan a makaranta. Wanda bai gani ba sai ya zama saniyar ware.

Shirin na masu shekara 18 zuwa sama ne, kuma dikodar DStv da ta GOtv suna da lambar kullewa. Mu yi amfani da ita. Amma tunda waya ta shiga hannu, kulle kaɗai ba zai isa ba. Mu zauna da su, mu nuna musu cewa abin shiryawa aka yi: masu shirin ne ke tace 'yan takara, su tsara musu wasanni, su fito da rigima domin a kalla a sayar da talla. Dubbai ke nema, mutum ɗaya ke ci.

Sannan mu riƙa ba yaro bakin magana a gida. Wanda ake saurara a tsakar gidansu, ba ya ƙishirwar a saurare shi a waje.

Allah ya shirya mana zuri'a. Wassalamu alaikum.