Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Tsara Aiki



Abin da ya tara mu yau shi ne maganar ayyukan raya ƙasa, irin su ginin makaranta da haƙa rijiya da gyaran hanya. Kowane aiki, babba ko ƙarami, a kan abubuwa uku ya ke zaune, kamar tukunya a kan murhu. Na fari shi ne girman aikin, watau iyakar abin da a ke so a gina. Na biyu lokacin da aka yanka domin gama shi. Na uku abin hannu, watau kuɗi da ma'aikata da kayan aiki. In an taɓa ɗaya, lalle ne sauran su motsa. Wanda ya ce a ƙara gini, to, ya ƙara kuɗi ko ya ƙara kwanaki. Wanda ya ce a gama da wuri, sai ya ƙara ma'aikata ko ya rage ginin. Saboda haka tun ba a sa harsashi ba, wajibi ne shugaba ya yanke wanne ne cikin ukun nan ba za a taɓa ba, wanne kuma za a sassauta in abu ya matsa.

Bari in kawo muku misalai biyu daga ƙasar nan tamu. A shekarar 1964 aka soma gina madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara, aka gama a 1968. An tsara ta da gurabun injuna goma sha biyu na wutar lantarki, amma da huɗu kaɗai aka fara aiki. Daga baya aka ƙara biyu a 1976, aka kuma ƙara biyu a 1978, suka zama takwas. Ku lura da abin da aka rage da abin da aka bari. Bangon da ya tare kogin an gina shi cikakke, gama rabin bango ba ya tare ruwa. Haka kuma sai da aka gina wa mutanen da ruwa zai ci garuruwansu sababbin matsugunai, har da Sabon Bussa, domin ruwa ba ya jiran kowa. Injuna kuwa ana iya ƙara su a kowace shekara, shi ya sa su ne suka jira.

Misali na biyu ƙaramar hanyar jirgin ƙasa ce da aka shimfiɗa daga Zariya, ta kai Jos da Bukuru a 1914, domin ɗaukar kuza wadda a dā 'yan dako ke ɗauka a ka. Don sauri da arha aka yi faɗinta ƙafa biyu da rabi, alhali babbar hanya ƙafa uku da rabi ce. An sami biyan bukata da wuri, amma da wahalarsa, domin duk kayan da suka iso Zariya sai an sauke su an sāke lodi a babban jirgi. A 1927 babbar hanya ta iso Jos ta wajen Kafanchan, a 1957 kuma aka rufe ƙaramar. Arha ba laifi ba ce, muddin an san wahalar da ke biye da ita tun farko, an kuwa yarda da ita.

To, mu komo gundumominmu. A nan mai yanka mana lokaci ita ce damina. Da zarar ruwa ya sauka, ma'aikata sun koma gona, mota kuma ba ta kai yashi da siminti ƙauye. A ce an shirya azuzuwa shida, ga bazara ta kawo kai, kuɗin kwano kuma bai isa ba. Gara a gama uku da rufinsu yara su shiga, a bar harsashin sauran zuwa kaka, da a ɗaga bango shida a bar wa ruwan sama. Bangon da ba rufi asara biyu ne, ba a mora ba, kuma sai an sāke biya.

Rijiya kuwa hukuncinta daban. Lokacin sanin gaskiyarta ƙarshen rani ne, sa'ad da ruwa ya yi ƙasa ƙwarai. Wadda aka tsayar da haƙarta da kaka don an ga ruwa, sau da yawa takan ƙafe a watan da aka fi bukatarta. Don haka ba a rage zurfi. In kuɗi ya gaza, yawan rijiyoyin za a rage, a gaya wa dagacin da bai samu ba cewa nasa rabon na baɗi ne.

Kada kuma a zaci tara mutane kullum shi ke kawo sauri. Ramin rijiya ba ya ɗaukar mahaƙa goma, siminti kuwa sai ya cika kwanakinsa kafin ya yi ƙarfi, ko da gari duka ya fito gayya. Sauri ya haifi nawa.

Ku malamai, ga naku aikin. Kafin a soma, ku rubuta abubuwan nan uku a takarda guda, ku nuna wanda aka ce ba za a taɓa ba, hakimi ya sa hannu, a aika wa ƙaramar hukuma da fadar Sarki. Kowane mako ku gwada abin da aka kashe da abin da aka gina. In kun ga kuɗi ya yi rabi aiki bai yi rabi ba, ku faɗa a ranar, kada kunya ko tsoro su hana ku. A lokacin nan akwai sauran zaɓi, amma in an bari sai asusu ya ƙare, ba abin da ya rage sai tsai da aiki.

Ku kuma iyayen ƙasa, za a zo muku da roƙo ana tsakiyar aiki, wani ya ce a ƙara ɗaki, wani ya ce a karkata hanya ta bi ta ƙauyensu. Ku saurare shi da mutunci, sa'an nan ku tambaye shi abu guda: me za a rage, ko kuwa wa zai biya? In ba amsa, a rubuta roƙon a ajiye shi zuwa shirin baɗi. Talakawa sukan yi haƙuri da ƙaramin aikin da aka gama, amma kangon da aka bari suna ganinsa kullum, suna kuma tuna zamanin wanda aka fara shi.

Allah ya ba mu ikon cika abin da muka ɗauka, ya ƙara wa Sarki lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalam.