Kwana Uku a Kan Keke a Tsaunukan Bakin Tekun Sifen

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan'uwanmu, ma'aikaci a sashen hanyoyin karkara, ya gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara.

 

Lokacin da Sakatare ya aiko mini da takarda cewa ni ne zan yi jawabi bana, kuma wai a kan tafiyar da na yi da keke a ƙasar Sifen, nan take na gane 'yan ajinmu ne suka haɗa mini gadar zare. Duk wanda ya zauna da ni a makarantar nan ya san cewa a gudun dogon zango sai an fara kwashe kujeru nake isowa. Na karɓa ne saboda abin da na gani a can ya shafi wata magana da ke gabanmu a yau.

A watan Oktoba na 2023 aka tura mu kwas na mako biyu a Basalona. Da aka gama ina da sauran kwanaki kafin jirgina, sai wani abokin karatu ya ce tunda aikina hanyar burji ce, kada in koma gida ban je Jirona ba. Garin yana kimanin kilomita 100 arewa maso gabas da Basalona, a yankin Kataloniya, jirgin ƙasa mai sauri ba ya cika minti 40. Tun ƙarshen shekarun 1990 'yan tseren keke na Amurka da wasu ƙasashe suka riƙa tarewa a can, daga baya kuma aka shiga yayin hawan keke a hanyoyin da ba kwalta. Tun 2019 ake yin wata gasa a garin mai suna Traka, wadda ɗaya daga cikin zangunanta ya kai kilomita 360. Wato abin da kakanninmu suka yi shekara da shekaru suna yi a kan Raleigh, da buhun gero a kariya, shi ne Bature yake biyan kuɗin jirgi ya je ya yi.

Keken da na yi haya kansa a lanƙwashe yake kamar na tsere, amma tayarsa ta fi faɗi, wajen milimita 40, tana da ƙurajen da ke kama ƙasa. Ba ta da tub a ciki, sai wani ruwa fari kamar madara wanda ke toshe ƙaramar huda da kansa. Mai shagon ya ba ni hular kwano da famfo da tub guda ɗaya na ko-ta-kwana, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in fara da hanyar jirgi.

Wannan hanya, da suke kira Carrilet, ta tashi daga Jirona zuwa garin Sant Feliu de Guíxols a bakin Bahar Rum, kusan kilomita 40. Asalinta ƙaramin layin dogo ne mai faɗin santimita 75 da aka buɗe a 1892, aka rufe a 1969. Suka cire ƙarafan, suka bar gadoji da tashoshi, daga baya suka shimfiɗa rairayin ruɓaɓɓen dutse suka daddanne, ta zama hanyar keke da masu tafiya a ƙasa. Da yake jirgi ba ya son hawa mai tsanani, mutum irina ma yana iya bin ta ba haki. Ana wuce Quart da Cassà de la Selva da Llagostera, daga nan sai gangare a hankali har iskar gishiri ta bugi fuskarka. Ina tafe ina tuna ƙaramin layin dogon da ya taso daga Zariya zuwa Jos da Bukuru don jigilar kuza, wanda faɗinsa kusan ɗaya ne da wannan, aka rufe shi a 1957. Su nasu har yau yana ciyar da masu masauki da masu sayar da abinci a kowane ƙauye da ya ratsa. Namu kuwa, yaran yanzu da yawa ba su ma san an taɓa yin sa ba.

Rana ta biyu ce na ɗauko abin da ya fi ƙarfina. Tsakanin Jirona da teku akwai jerin tsaunuka da ake kira Gavarres. Ba su da wani tsawo na a zo a gani, mafi tsawonsu bai wuce mita 530 da 'yan kai ba, kuma da na ga haka a taswira sai na raina su. Allah ya gafarta Malam, malaminmu na Labarin Ƙasa da nake hange can a sahun gaba, ka sha gaya mana cewa idan layukan taswira suka matsu da juna to akwai hawa. Na ci wannan tambaya a jarrabawa, amma ban fahimce ta ba sai ran nan. Daga bakin teku ake farawa, wato daga sifiri, kuma hanyar ba ta hawa sau ɗaya ta huta. Ka hau, ta gangara da kai cikin kwari, ka sake hawa abin da ka riga ka biya.

Na bi ta ƙauyen Romanyà de la Selva, inda akwai wani kabari na manyan duwatsu da mutanen da suka gina tun shekaru dubbai. Daga nan daji ne na wata bishiya da ake ɓare ɓawonta a yi abin toshe kwalba. Za ka ga gindinta ja wur daga ƙasa zuwa ƙirjin mutum, kamar an tuɓe mata wando, kuma ba a sake ɓare ta sai bayan shekara tara ko fiye. Wannan sana'a ce ta raya garuruwan yankin, ita ce ma babban dalilin gina layin dogon da na ambata, kuma yawancin hanyoyin dajin masu ɓawo da masu gawayi ne suka fara fitar da su.

A nan ne idon ma'aikaci ya buɗe. Hanyar ƙasa ce zalla, wani wuri tsakuwa, wani wuri dutse tsirara, kuma a gefen tsauni take inda ruwa ke da gudu. Amma a wuraren da ake kula da ita, an karkata ta yadda ruwa zai zube gefe maimakon ya bi tsawonta, kuma a gangare bayan 'yar tazara sai ka tarar da ɗan rami ko ɗan tudu da aka gitta don ya karya ƙarfin ruwa ya fitar da shi. Inda aka yi sakaci kuwa, zaizaya ta ci ta kamar yadda take cin tamu, don ƙasar Turai ba ta da wani asiri. A irin wannan wuri ne, ina gangarowa da gudun da bai kamace ni ba, tayar gaba ta faɗa kwararon da ruwa ya haƙa, kaifin dutse ya tsaga gefenta, ni kuma na tsinci kaina a cikin ƙaya. Farin ruwan nan ya yi ta tsiri, tsagar ta fi ƙarfinsa.

Sai da na shafe fiye da awa ina kokawa da taya kafin in sa tub. Ku yi dariya, amma ku tambayi kanku yaushe rabon ɗayanmu ya cire taya da hannunsa, alhali mai faci yana kowace kwana. Ruwan shana ya ƙare, waya ba ta kamawa a cikin kwarin, ga kuma allo a bakin wata mararraba yana gargaɗin cewa mafarauta na koran aladen daji, don lokacin farautarsu ne. Ina jin haushin karnuka daga nesa. Na canja hanya, na yi ta tura keke, ban shiga La Bisbal ba, garin maginan tukwane, sai wajen ƙarfe uku, na tarar kantuna a rufe domin a ƙananan garuruwansu da rana ake tashi cin abinci sai yamma a dawo. Wani ɗan Gambiya ne mai aikin gona ya gan ni zaune a bakin hanya, ya yi mini sallama, ya kai ni inda famfo yake, ya raba burodinsa da ni. Mutanen Gambiya da Senegal da Maroko suna da yawa a lardin, musamman a Salt da ke manne da Jirona, saboda haka mai neman masallaci ko naman yanka ba zai sha wahala ba.

Rana ta uku na sauka fili, yankin Empordà, ƙafafuna kamar na aro. Hanyoyin gona ne a miƙe, ana ratsa Peratallada, tsohon ƙauye da aka sassaƙa ramin tsaronsa a jikin dutse, sai Pals inda na tarar da fadamun shinkafa ana ƙarasa girbi, sai gonakin tufa a gefen kogin Ter. A saman tsaunin Montgrí akwai wata fada da aka fara ginawa a 1294 ba a ƙarasa ba, wanda ya nuna aikin da aka yi watsi da shi ba a kanmu aka fara ba. Daga L'Estartit ana hango tsibiran Medes. Abokiyar gaba a nan iska ce, wadda suke kira tramuntana, mai saukowa daga arewa ta wajen iyakar Faransa. Ta yi kama da hunturunmu sai dai ba ƙura, kuma idan ta tare ka gaba sai ka ga kana taka feda a fili kamar mai hawan dutse. Wanda zai je, ya duba inda za ta kaɗo tun da safe, ya fita yana fuskantarta don ta turo shi a dawowa. Ni akasin haka na yi.

Yanzu bari in zo kan maganar da na ce tana gabanmu. Shekara nawa ke nan muna rubuta takarda muna roƙon a zuba kwalta a hanyar da ta taso daga babban titi zuwa ƙofar makarantar nan, kuma duk damina motar kayan abinci sai ta kafe a wajen rafi? Wasu sun kawo shawarar mu zuba abin da muka tara mu yi kwalta ko da rabi ne. A matsayina na wanda wannan ne abincinsa, ina roƙon kada mu yi haka. Siririyar kwalta a kan ƙasar da ba a fitar wa ruwa hanya ba, damina biyu ko uku za ta farfashe, kuma ramin kwalta ya fi ramin ƙasa cin mota. Abin da kuɗinmu zai iya shi ne a kawo gireda ta yi wa hanyar doro, tsakiya ta fi gefe da kamar santimita 4 zuwa 6 a kowace mita, a zuba marmara mai kyau a jiƙa a bi da rola, a haƙa lambatu hagu da dama, a sa kwalbati a wajen rafin. Sa'an nan, kuma wannan ne ake mantawa, a ware wani abu a ajiye don yashe lambatu kafin ruwan farko da kankare gargada bayan ruwan ƙarshe, kowace shekara. Na san ba abin da za a yanka kyalle a ɗauki hoto ba ne, kuma na san akwai waɗanda za su ce an raina makarantar. Amma yaran ƙauyukan nan da ke zuwa jeka-ka-dawo a kan keke, su ne suka fi kowa bin hanyar, kuma burji mai doro ya ishe su har cikin watan Agusta.

Na kawo zanen aikin da lissafin tifa nawa za a buƙata, suna hannun Sakatare, duk mai so ya duba kafin a kaɗa ƙuri'a bayan sallar Azahar. Awon hanyar da sa ido a kan aikin kuma na ɗauka kyauta, ranakun Asabar. Mai girma Shugaba, na ga kana duban agogo.