Jawabin Shugaban Kwamitin Amintattu a Bikin Buɗe Masana'antar Ƙera Gidajen Tafi-da-Gidanka

 

Mai girma wakilin Gwamna, Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka, masu girma kwamishinoni da 'yan majalisa, hakimai da dagatai, malamanmu, shugabannin magina da kafintoci da masu walda, manajojin bankuna, iyayenmu mata, 'yan jarida, barkanku da zuwa. Wanda ban ambata ba ya yi haƙuri, takardar ce ta ƙare.

Mun daɗe muna cewa wayar tafi-da-gidanka, kotun tafi-da-gidanka, alhali babu gidan da ya taɓa motsi. To, yau ga gidan da kansa. Wannan da ke damana, ciki biyu da falo da banɗaki, a cikin rumfar nan aka haɗa shi, aka ja masa wayar lantarki da bututun ruwa, ya rage kawai tirela ta ɗauka.

Duk wanda ya taɓa gini ya san wahalar. Ruwan damina ya tsayar da aiki, magini ya tafi suna ƙauye, buhun siminti ya yi ƙafa cikin dare. Sarkin magina, ban ce yaranka ba ne, kada ka harare ni. Kankare kansa sai ya kwana 28 kafin ya gama ƙarfi. Kun kuma tuna watan Fabrairun 2024, lokacin da buhu ya haura naira 10,000, mutane da yawa suka bar gininsu a linta. A nan kuwa ana yanka kuɗi sau ɗaya, a yi aiki cikin inuwa da awo guda. Idan aka yi wa ma'aikaci canjin wuri, sai ya tafi da abinsa.

Ba mu muka fara ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Birtaniya ta kafa irin waɗannan gidaje sama da 150,000. A 2020 Sin ta haɗa asibiti mai gado 1,000 a Wuhan cikin kwana goma. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, da muna da gidajen nan a ajiye, da wasu daga cikin mutanen Maiduguri ba su kwana a ajujuwan makaranta ba.

Tun kafin wannan biki, alhamdu lillahi, mun ƙera ajujuwa, ɗakunan shan magani, ofisoshin wucin gadi da shagunan kasuwa, mun kuma koya wa matasa walda, kafinta, wayarin da aikin famfo. Masu cewa tanda za mu sa mutane, su shiga su ji. Bangon kwano biyu ne, da soso mai kauri a tsakani. Ba kwantenar da aka huda wa taga ba ce.

Yanzu bari in ajiye takarda. Manajojin banki, ku dakata da latsa waya, da ku nake. Wani malamin firamare ya zo nan da matarsa, ta shiga kicin ta buɗe famfo, ta ce wannan take so. Na raka shi wani banki da kaina. Jami'in ya duba hoton ya ce, "Alhaji, abin da za a iya ɗorawa a mota ba jingina ba ne." Na ce masa, ai motar ma kuna ba da bashinta, kuma ta fi gidan gudu! Tun 1992 ake cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci domin asusun gidaje na ƙasa. Mutum ya yi ta zubi shekara da shekaru, ranar kwasa a ce gidansa ba gida ba ne saboda babu bulo? Kowane gida a nan yana da lamba a jikin ƙarfensa. Ku yi masa rajista, ku sa masa inshora, ku ba da bashi. Ranka ya daɗe wakilin Gwamna, a isar mana: muna roƙon a ware filaye masu takardar mallaka, da ruwa da hanya, inda za a sauke gidajen nan, don kada banki ya sake samun abin fakewa. Ku kuma manajojin banki, ban yafe wannan magana ba, zan dawo ofisoshinku ranar Litinin.

Ina roƙon Mai Martaba ya sa mana albarka, mai girma wakili kuma ya taso ya yanke kyalle. Yara, a kawo almakashi.