Makunni a kan jar waya yake zama



Yau zancenmu a kan fitilar rufin ɗaki ne. In mazaunin ampul ya ƙone, wanda masu gyara ke ce ma duwi, ƙaƙa za a sa sabo?

Da farko, ku tafi wurin kwantar ku kashe wutar gida duka. Kashe makunnin bango kaɗai bai isa ba. Wutar NIGELEC bolt 220 ce, tana kisa. Hannu a bushe, ƙafa da takalmin roba.

Waya biyu ke zuwa ga fitila. Ja ita ke kawo wuta. Shuɗiya ita ke maida ta. Shuɗiya ta wuce kai tsaye zuwa duwi. Ja ta fara biyawa ta makunni, sannan ta hau rufi. In akwai ta uku, mai kore da rawaya, a ɗaure ta jikin ƙarfen fitila.

Ga inda ake kuskure. In aka sa makunni a kan shuɗiya, fitila tana kamawa, tana mutuwa, kamar komi lafiya. Amma wuta na nan kwance cikin duwi. Ranar da yaro ya hau kujera don canza ampul, sai ta kama shi.

Ku ɗaure wayoyi tamau. Waya mai sako-sako tana zafi, tana tada gobara.

In wayoyin gidanku duk launi ɗaya ne, kada ku yi canke. Ku kira mai gyara.

Allah shi kiyaye mu.